Kafin Ka Sake Babur, Tambayi Hanyar Garinku

Ya 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, akwai wata cuta da takan kama da yawa daga cikinmu da zarar albashi ya shiga aljihu sau uku ko sau huɗu a jere, watau raina abin hawan da ya kawo mu inda muke. Babur ɗin da ya yi ta jigilar mutum zuwa makaranta, ya kai shi neman aiki, ya kai mahaifiyarsa asibiti da tsakar dare, rana ɗaya sai a wayi gari ya zama "ɗan ƙaramin abin nan". Daga nan sai a fara leƙen rumfunan dillalai, ana tambayar nawa za a ba da ciko a karɓi babba. Ni ban ga laifin mai son ci gaba ba, don kuwa kowa ya sha wahalar karatu ya cancanci ya ɗanɗani daɗin guminsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura cewa idan za mu sake babur mukan shawarci abokai da dillali, wani ma har da budurwarsa, amma ba mu tambayar hanyar da babur ɗin zai riƙa bi kullum, alhali kuwa ita ce za ta yanke hukunci a ƙarshe.

Wannan ɗabi'a ba yau ta fara ba. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a tsohuwar Jihar Kano, tun kafin a yanke Jigawa daga cikinta ranar 27 ga Agusta 1991, har yanzu suna ba da labarin shekarar Udoji. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa hukumar nan ta Jerome Udoji a 1972 don ta duba tsarin aikin gwamnati. Hukumar ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya ma'aikata ariyas na watanni da dama a dunƙule a farkon 1975. Masinja da akawu da malamin firamare suka riƙe kuɗin da ba su taɓa gani a lokaci guda ba. Mai keken Raleigh ya jingine shi ya sayi Vespa ko ƙaramar Yamaha, mai ƙaramar Yamaha ya haye Honda 175, mai Honda kuwa ya fara mafarkin motar Peugeot da aka soma haɗawa a Kaduna a wannan shekarar. Kasuwa ta ji ƙamshin kuɗi, farashin kome ya tashi, ba a jima ba ƙarin albashin ya narke. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar Naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, manyan baburan nan masu silinda biyu da yawa suka ƙare a zaure, kaji na kwana a kansu. Waɗanda suka ci gaba da yawo su ne ƙananan da ba su da yawan ci, kuma da su ne ma'aikata da dama suka riƙa yin acaɓa da yamma don su cike giɓin albashi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle gemun ubanka.

Bari in kawo maganar gida, don a nan ne na fi sanin abin da nake faɗa. Kaugama ɗaya ce daga ƙananan hukumomi takwas na Masarautar Haɗejiya, tare da Auyo da Birniwa da Guri da Haɗejiya da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Malam Madori. Ƙasarmu iri biyu ce. Akwai tudu, watau jigawa mai laushin rairayi, inda ake noman gero da riɗi da zoɓo da kankana. Akwai kuma fadamar kogin Haɗejiya mai baƙar laka, inda ake noman shinkafa da alkama da kayan lambu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, kogin ya sake hali. Ciyawar kacalla ta toshe magudanai a wurare da yawa, ruwa yakan malala inda a da ba ya zuwa, kuma duk mun ga yadda ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yanke hanyoyi a wannan yanki. Saboda haka malamin makaranta ko malamin gona ko malamin asibiti da aka tura ƙauyukan da ke bayan Marke ko Yalo ko Dakaiyawa, da zarar ya sauka daga kwalta, abokan tafiyarsa biyu ne: rairayi da rani, taɓo da damina.

Kowa ya taɓa tuƙi a cikin rairayi ya san cewa nauyi abokin gaba ne. Tayar gaba takan nutse, kan babur ya ƙwace, in kuwa ya kwanta, sai ƙarfin damtsenka ne zai tashe shi, ba wanda zai taimake ka a tsakiyar burtali da rana tsaka. Da damina kuma laka takan cushe tsakanin taya da madigadi har taya ta ƙi juyawa, sai an sauka an nemi kara an sassaƙe. Inda ruwa ya yanke hanya, da hannu ake ɗaga babur a sa shi cikin kwalekwale, kuma mai fito ya san bambancin wanda mutum biyu za su ɗauka da wanda sai an kira mutum huɗu. Duk waɗannan abubuwa dillali ba zai ambata maka su ba, domin shi a kan kwalta yake gwada maka babur, la'adarsa kuwa da girman cinikin take ƙaruwa.

Ina da wani aboki da muka gama makaranta tare, aka ba shi aikin koyarwa a wani ƙauye na gefen fadama. Yana da ɗan babur mai CC 100 wanda yayansa ya bar masa, ya tsufa amma bai taɓa kwana a hanya ba. Da aka tabbatar masa da aiki, sai ya je Kano ya ba da shi, ya ƙara ciko mai tsoka da ya ranto, ya dawo da wani ƙaton babur na gwanjo mai ƙyalƙyali da ƙara kamar hadari. Mako biyu na farko yara na bin sa da gudu, manya na yi masa barka. A mako na uku ya faɗi cikin rairayi, salansa ta ƙone shi a ƙafa. A wata na biyu wani ɗan ƙarfe ya lalace a cikin injin, bakaniken ƙauyen ya duba ya ce bai taɓa buɗe irinsa ba, na Haɗejiya ya ce zai iya gyarawa amma sai an samo kayan daga Kano. Babur ya yi wata guda a jingine, shi kuwa yana biyan kuɗin acaɓa zuwa makaranta, ga bashi ana cira. Ranakun da aljihu ya bushe bai je aji ba. Wannan ne ya fi damuna a cikin labarin, domin yaran ajinsa ba su ci bashi ba, ba su hau babur ba, amma su suka yi asarar darasi.

Ya kamata mu fahimci abin da ake nufi da girman babur. Lambar nan ta CC da ake rubutawa a jikinsa awo ne na faɗin cikin silinda, watau yawan iska da fetur da fistin ke iya zuƙa a bugu ɗaya. In lambar ta ƙaru, ƙarfi yakan ƙaru, amma galibi nauyi da shan mai da tsadar kayan gyara su ma sukan biyo baya. Ƙarfin kuma gudu yake jawowa, gudun da hanyoyinmu ba su da wurin sa. Duk wanda ya yi ɗan karatun kimiyya a sakandare ya san cewa in ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai zai ninka sau huɗu. A hanyar da akuya ko amalanke ko yaro mai tallar goro ke iya ɓullowa ba sallama, wannan lissafi maganar rai ce.

Sai kuma batun zaɓen kayan da mutum ke so a jikin babur, wanda shi ne rabin daɗin sayen sabo. A Turai da Amurka, mai son babur irin BMW, wanda ake ƙerawa a birnin Berlin na Jamus, ko Harley-Davidson na Amurka, yakan zauna da wakilin kamfani ya zaɓi launi da tsayin sirdi da akwatunan kaya na gefe, har da maƙamar hannu mai ɗumi saboda sanyin ƙanƙara. Sai a aika da odarsa masana'anta, a haɗa masa nasa daidai yadda ya nema, ya jira makonni ko watanni ya karɓa da lamunin kamfani a kan kowane ƙarfe. Samarinmu suna ganin wannan a wayoyinsu, suna sha'awa, ba kuwa laifi ba ne. Amma mu a nan babur a cikin kwali yake zuwa, iri ɗaya ga kowa. Masana'antarmu ita ce yaron da ke haɗa shi a bakin shago, da mai walda da ke ƙara wa kariya tsawo, da mai ɗinkin sirdi, da mai sayar da fitilu masu walƙiya da ham mai kukan motar ɗaukar marasa lafiya.

Idan ka tsaya ka dubi abin da muke kashe wa kuɗi bayan an fito da babur daga kwali, za ka ga mafi yawansa ado ne. Ana manna hotuna, ana rataya tuntu, ana huda salansa don ta yi ƙara, wasu ma madubi suke fara cirewa wai yana rage wa babur kyau. Gyaran da ya shafi aiki kuwa, irin ƙarin kariya, yawanci da ka ake yin sa. In aka miƙa kariya ta wuce bayan tayar baya da nisa, aka ɗora buhun shinkafa a kai, nauyi ya koma baya, tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya daina jin magana. Waldar da aka yi a jikin gangar babur kuma takan raunana ƙarfen, wata rana a kan gargada sai ya tsage. Mai walda bai yi laifi ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Laifin na wanda bai san abin da ya kamata ya nema ba ne tun farko.

Kada wani ya ce kamfanoni ba su sauraren talaka. Suna saurare in sun ga kasuwa. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura injiniyoyinsa ƙasashen Asiya masu tasowa don su ga yadda ake amfani da babura. Suka tarar ana ɗora wa babur ɗaya iyali guda da kaya, ana bin hanyoyi masu ƙura, ba a kuma canza baƙin mai a kan kari. Maimakon su tsaya zargin masu saye, sai suka koma suka ƙera CG125, wadda ta fito a 1975 da inji mai sauƙin gyara, mai jure rashin kulawa, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Irin wannan injin ne kamfanonin ƙasar Sin da yawa suka kwaikwaya daga baya. Haka kuma kamfanin Bajaj na Indiya ya cika ƙauyukanmu da Boxer saboda dogon sirdinta da ƙarfin bayanta da ƙarancin shan mai, har Nijeriya ta zama ɗaya daga manyan kasuwanninsa na waje. Honda ma, wadda ta kafa kamfaninta na Nijeriya a 1979 da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, ta fito da Ace CB125 a 2011 musamman don irin aikin da 'yan acaɓa ke yi. Watau dai hanyoyinmu da lodinmu sun riga sun sa an sake fasalin babura a Japan da Indiya, ko da yake ba wanda ya zauna ya rubuta oda da sunanmu.

To, da za a ba ni takardar oda a ce in rubuta abin da nake so a babur ɗin da zai yi aiki a ƙasar Kaugama, ga abin da zan rubuta. Da farko taya mai manyan haƙora da ke kama rairayi da laka, a kan wili mai sifok, domin shi in ya lanƙwashe ana miƙe shi a kowace kasuwa, na zubi kuwa in ya tsage sai sabo. Na biyu, matatar iska da ake wankewa, saboda ƙurar hunturu in ta shiga inji ita ke cinye fistin da zobensa. Na uku, murfin da ya rufe sarƙa ruf, don rairayi in ya haɗu da man sarƙa yakan zama kamar magagari. Na huɗu, shakazoba mai ƙarfi da kariya ta asali wadda kamfani ya auna, da isasshen tsayi daga ƙasa yadda cikin injin ba zai riƙa dukan kunya ba. Na biyar, fitila mai haske da birki mai kamawa, da abin tayarwa na ƙafa ko da akwai na maɓalli, domin batir ba ya sallama in zai mutu. Na ƙarshe, hular kwano guda biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta wanda zan goya.

Na san maganar hular kwano takan ba mutanenmu dariya. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairu 2009, an ga 'yan acaɓa suna kifa ƙwarya a ka don su yaudari jami'ai, labarin ya zaga duniya. Amma binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ta ambatawa ya nuna cewa hula mai kyau tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, tana kuma rage mummunan raunin kai da kusan kashi 70. Wasu ƙasashe sun wuce nan. Tarayyar Turai tun 2017, Indiya kuma tun 2019, sun wajabta wa kowane sabon babur da ya haura CC 125 birkin nan mai na'urar hana taya cijewa, wanda ake kira ABS. Ma'ana, sun yarda cewa ƙarin ƙarfi sai da ƙarin kariya. Mu kuwa ƙarfin kaɗai muke saye.

Mutum ɗaya ba zai iya sa kamfani ya haɗa masa babur yadda yake so ba, amma hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar malamai ta NUT da ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatu sun saba sayo babura da yawa a lokaci guda su raba wa membobi, ana cira daga albashi. Wanda zai sayi babur ɗari biyu ko ɗari uku yana da bakin magana a gaban kowane wakilin kamfani. Abin da nake kira a yi shi ne, kafin a sa hannu a irin wannan ciniki, shugabannin ƙungiya su tara membobin da ke aiki a ƙauye su tambaye su abin da ya fi lalacewa a baburansu, su kuma tambayi bakanikan Haɗejiya da Malam Madori da Kaugama. Sa'an nan a rubuta sharuɗɗa: irin taya, irin kariya, hula biyu a cikin farashi, shagon kayan gyara a Haɗejiya, da horar da bakanikai na yankin. Wannan ita ce odar masana'anta da ta dace da mu. Ɗalibanmu masu karatun injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya da sauran manyan makarantu za su iya taimakawa da auna nauyin da kariya ke iya ɗauka da gwada tayoyi a rairayi, maimakon aikin kammala karatu da ke ƙarewa a kan kanta ƙura na rufe shi.

Wani zai ce, ashe kenan kada kowa ya sayi babban babur? Ba haka nake nufi ba. Malamin gona da ke zaga ƙauyuka goma da buhun iri a baya, ko ma'aikacin lafiya da ke ɗaukar akwatin allurar rigakafi da abokin aiki, ko wanda ke bin kwalta mai nisa kowane mako zuwa Dutse, in ya tashi daga CC 100 ya koma 125 ko 150 ya yi daidai, domin ƙaramin inji da ake wa lodin da ya fi ƙarfinsa shi ma ba ya daɗewa. Aiki ne ya nemi ƙarin, kuma aikin zai biya shi. Wanda nake ja wa kunne shi ne mai sayen girma don idon jama'a. Mutunci abu ne mai kyau, amma a ƙauye ba a daɗe ba ake gane malamin da ke zuwa aji a kan lokaci da wanda babur ɗinsa ya fi shi suna.

Daga ƙarshe, a yi lissafi da alƙalami kafin a yi da zuciya. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da farashinta na hukuma bai kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, wanda ke saye a hannun 'yan bumburutu a ƙauye kuwa ya fi haka biya. A shekarar 2024 ɗin aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, a daidai lokacin da sabon babur irin na acaɓa ya wuce Naira miliyan ɗaya. Ke nan mai wannan albashi sai ya tara na fiye da wata goma sha huɗu, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi na talakawa, balle wanda ya fi shi. Saboda haka ɗan'uwa, ka rubuta abin da za a riƙa cira maka kowane wata, ka ƙara kuɗin man da za ka sha, da baƙin mai, da faci, da taya, ka ga abin da ya rage wa tukunya da iyaye. Ka je wurin bakaniken da ya fi kusa da wurin aikinka ka tambaye shi ko yana da fulogi da sarƙa da kulocin irin wanda kake so. Ka ari irinsa ka bi hanyar makarantarku ko asibitinku da shi sau ɗaya, ka kwantar da shi da gangan ka ga ko za ka iya tashe shi kai kaɗai. In ya ci waɗannan jarrabawa, saye shi, Allah ya sa alheri. In ya faɗi, koma ka wanke tsohonka, ka sake masa zobe da taya, ka saya wa kanka hular kwano da sauran kuɗin.

Allah ya ba mu abin hawa mai albarka, ya tsare mu daga sharrin ƙarfe da nauyin bashi, amin.